Ranar da Aka Auna Ni a Fako

Ranar wata Laraba ce, bayan azahar, a ƙarshen daminar shekarar da fara ta sauka mana, lokacin ina aji huɗu a lakwal, wato makarantar boko. Ina tsaye ba takalmi a kan wani sikelin ƙarfe a tsakiyar fakon da ke gabas da garinmu, ƙarfen yana ƙona mini tafin ƙafa, rabin mutanen gari sun kewaye ni. A gefena ga ƙaramin jirgin sama, fari mai ratsin shuɗi, ƙofarsa a buɗe. A inuwar fiffikensa an shimfiɗe mahaifiyata a kan tabarma, an lulluɓe ta da zane har ka, tun shekaranjiya take naƙuda, haihuwa ta ƙi zuwa. Matuƙin jirgin ya sunkuya ya dubi allurar sikelin, ya ɗago ya ce, "Wannan za ta iya tafiya." Kafin ya rufe baki kakata ta saki salati mai ƙarfi, irin wanda ake yi in an ga gobara. Yau na haura shekarun da mahaifiyata ta yi a duniya da nisa, amma duk lokacin da na ga ana auna buhun albasa a kasuwar Konni, sai tafin ƙafata ya tuna da zafin ƙarfen nan.

Garinmu ƙaramin ƙauye ne a kan tudu, tsakanin Badaguishiri da Illela, wanda ko a taswirar da mushe, wato malaminmu, ya rataya a aji babu shi. Tsakaninmu da babbar hanya akwai ƙorama. Da rani yashi ce zalla, a cikinta muke tona ƴan ramuka muna tsamar ruwa da ludayi, muna carafke kafin tulu ya cika. Da damina kuwa, in an yi ruwa a kan duwatsu, sai ta taso ja wur tana jan kututture da matattun awaki, ba jakin da zai tsallake ta, balle amalanke. Gidanmu yana gefen gari, da manyan rumbuna biyu na laka, da kurna a tsakar gida, da turmin da bakinsa ya tsage aka ɗaure shi da fata. Aikina ne in kai fura gona da hantsi in babu lakwal, in yanko wa tumaki ciyawa, in taya surfe da maraice, in kori kaji daga shanyar kuɓewa. In wata ya yi haske mu fita dandali gaɗa, in ji muryar uwayen ƙawayena suna ƙwala musu kira ɗaya bayan ɗaya, kowa da sunanta. Ni Kaka ce take zuwa ta jawo ni da kunne.

Dalili kuwa, ni ce ƴar fari. Tun da aka yaye ni aka kai ni ɗakin Kaka, mahaifiyar babana, can na girma, ɗakin Inna yana kallonmu ta tsallaken tsakar gida. Sunana Zulai, amma ban taɓa jin sa a bakin wadda ta haife ni ba. In tana son aikena sai ta ce "ke", ko ta dubi ƙanena ɗan shekara uku ta ce ya gaya wa waccan ta ɗauko itace. In baƙuwa ta tambaye ta ko ni tata ce, sai ta sunkuyar da kai ta ce ta gidan nan ce. Ba ta yi mini kitso, ba ta cin abinci ina kallo, ba ma zama a tabarma ɗaya. Matan gari suna yaba ta a kan haka ƙwarai, suna cewa a duk unguwar babu mai kunyar ɗan fari irin tata. Amma fa kusan kullum in na taso daga lakwal sai in tarar da ƴar ƙwarya a rufe a gindin rumbu, da ƙanzo jiƙaƙƙe da ɗan man shanu a kai, ba wanda ya taɓa cewa tawa ce, ba kuma wanda ya taɓa taɓa ta sai ni. Ko lakwal ɗin ma kunyar nan ce ta kai ni. Da maigari ya ce kowane gida ya ba da yaro ɗaya, aka duba aka ga ba wadda ta fi sauƙin bayarwa kamar wadda uwarta ba ta da bakin cewa a'a.

A shekarar nan gero ya yi kyau har ya fitar da kai, sai fara ta zo. Da farko murna muka yi, mu yara. Da sanyin safiya, kafin fuka-fukanta su bushe, muke fita da buhuna muna tsinta, a tafasa, a shanya, a soya da yaji. Manya kuwa sun san abin da ke nan, suna kwana suna tashi a gona da gwangwanaye da hayaƙi. Ana cikin haka saƙo ya zo daga buro, ofishin hukuma, cewa a share fako, jirgi zai riƙa sauka. Aka yi gayya. Maza suka tumɓuke ƴan sabarar da ke wurin, mushe ya fito da mu aji guda muka jera kafaɗa da kafaɗa muna tsintar duwatsu, aka jera manyan a gefe biyu aka shafa musu farar ƙasa. A can ƙarshe aka kafa doguwar sanda aka rataya wani buhu ja da fari marar gindi, wanda in iska ta shiga sai ya miƙe ya nuna inda ta dosa. Bayan sandar da kaɗan akwai gawo guda biyu, bayansu kuma tudun ya yanke, sai gangaren dutse. Jirgin ba na fesa magani ba ne. Kujera huɗu gare shi, aikinsa ya leƙo inda farar ta kwana, ya kawo ma'aikatan gona, ya mayar da su.

Matuƙinsa wani dogon mutum ne ɗan Damagaram, marar yawan magana, wanda muke dariyar Hausarsa a bayan idonsa. Sunansa bai zauna a bakin kowa ba, Direban Sama muke ce masa. Mu ƴan lakwal aka ɗora wa korar awaki da jakuna daga fako in mun ji ƙugin jirgi, don haka mun san halinsa fiye da kowa. Ba ya sauka kai tsaye, sai ya fara ratsawa ƙasa-ƙasa ya duba fakon da buhun iska, sannan ya kewayo ya fuskanci iskar ya sauko. Ya ja mana layi da ƙafa ya ce duk wanda ya ƙetare shi farfela tana juyawa, ya daina zuwa. Ko ta tsaya ma, ba a tunkarar jirgi ta gaba, sai ta bayan fiffike, kuma ba a taɓa farfela ko da wasa. Wannan ya yi mana wuya, mu da aka tarbiyyantar a kan cewa in baƙo ya iso a ruga a karɓi kayansa. In ya sauka sai ya tokare tayoyin da ƴan katakai, in zai kwana ya kafa turaku uku ya ɗaure fuka-fukan da wutsiyar, kamar yadda ake ɗaure ingarma.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne tashinsa. Ko da yanzu-yanzu ya sauka, ba zai tashi ba sai ya kewaye jirgin a ƙafa, yana shafa nan, yana girgiza can, ya duƙa ya leƙa taya, ya buɗe hancin ya zaro wani ƙarfe ya duba baƙin mai. Sai ya ɗauko ƴar kwalba ya tatsi man jirgin daga ƙarƙashin fiffike, ya ɗaga ta saitin rana yana kallo, wai ko ruwa ya shiga. Akwai wani ɗan bututu siriri a jikin fiffiken da yake leƙawa kullum, ya ce zanzaro yana son yin gini a ciki, kuma ginin zanzaro ɗaya ya isa ya rikita jirgi. Kuma komai sai ya auna: jaka, garwa, mutum, har babban ma'aikacin da ke zuwa da tumbinsa sai ya hau sikeli kamar buhun wake. Daga nan ya shiga, ya ɗaure kowa da ɗamarar kujera, ya leƙo ta taga ya yi kuwwa a kauce, sannan ya tayar da inji. Duk wannan mun kwashe shi mun kai dandali. Samari suka riƙa ƙera jirage da karan dawa, mu kuma muna kewaye turmi muna shafa shi, muna ɗaga ludayi saitin rana da fuska a murtuke, ƴan kallo suna faɗuwa da dariya. A cikinmu ba wanda bai yi mafarkin kujerar nan ta gaba, ta kusa da direba, ba.

Manya ba su ga abin dariya ba. A garinmu an san direba, an san motar da ke zuwa kasuwar Badaguishiri, wadda ake ɗora wa buhuna har su fi ta tsawo, a ɗora awaki a kan buhunan, mutane a kan awakin, wasu a maƙale a baya. Direban kirki shi ne wanda ba ya barin kowa a ƙasa, kullum akwai wurin mutum ɗaya in an matsa. Ran da maigari ya ba Direban Sama kyautar rago da buhun wake, ya yi godiya har ƙasa, sannan ya ce ba zai iya ɗauka ba, jirgin ya cika. Mutane suka leƙa suka ga sarari a baya wanda zai ci rago biyu. Shi ke nan aka yanke masa hukunci: mai girman kai ne, mai mayar da hannun kyauta baya. Ya yi ƙoƙarin bayani cewa ba wuri ne matsalar ba, nauyi ne, kuma in rana ta yi zafi iska takan yi laushi, jirgi ya daɗe yana gudu kafin ya ɗaga, ga fakon gajere, ga gawo a gaba. Da ya ga ba mai sauraro sai ya ce, "Mota in ta gaji sai ta tsaya a bakin hanya. Sama ba ta da bakin hanya." Tsofaffi suka taɓe baki suka ce surutun ƴan boko ne.

Naƙudar Inna ta fara ran Litinin. Ni ba a gaya mini ba, ba a kuma bar ni na kusanci ɗakin ba, amma na ga ungozoma tana shiga da fita, na ga an aika a kira Iya Kulu, yayar Inna, wata ƙatuwar mace mai sayar da fura, wadda in ta yi dariya sai an ji a unguwa uku. Daga ɗakin ba a jin komai, domin mace mai kunya ba ta kuka a kan gwiwa. Ran Laraba da safe aka kira majo, ma'aikacin ƙaramin gidan likitan da ke ƙauyen kusa da mu. Ya shiga ya fito ya ce ɗan ya kwanta a gicciye, ba abin da zai fitar da shi sai aiki a babban asibiti a birnin Tawa. Aka ɗaura amalanke aka nufi hanya, aka tarar da ƙorama ta cika baki da baki, aka juyo. Majo ne ya tuna cewa jirgi yana fako. Ya je ya samu Direban Sama, shi kuwa bai yi musu ba ko kaɗan. Nan take ya kwance kujera ɗaya ta baya don a samu wurin kwantar da ita, ya ce a kawo ta maza, domin bai yarda da gabas ba.

Sai dai a garinmu marar lafiya ba ya tafiya shi kaɗai, kuma ba ya tafiya hannu sake. A asibiti ba mai dafa maka, ba mai yi maka wanki, dole sai da mai jinya, mai jinya kuma sai da kayanta. Abin da ya fito daga gidanmu ran nan ya fi kama da tashin amarya: tabarmi, tukwane biyu, tulu, buta, fitila, rabin buhun gero, damin itace, kanwa da kayan yaji na kunun mai jego, har da ƙaramin turmi. Kowace maƙwabciya ta kawo abin da take ganin zai yi amfani, kuma ba a ƙin karɓa. Haɗa kayan nan kaɗai ya cinye mana daga hantsi zuwa azahar. Iya Kulu ce a gaba da ƙullinta a ka, Baba yana biye da masu ɗauke da Inna, ni kuma ina can baya cikin yara, ba wanda ya ce in zo, ba wanda ya ce in koma.

Direban Sama ya dubi tulin kayan, ya dubi Iya Kulu, ya jawo sikelinsa. Ya ce shi da majo da marar lafiya dole ne, domin majo ne zai riƙe kwalbar ƙarin ruwan da ya sa mata. Man da ke cikin jirgin ba zai rage shi ba, iya na kai su ne da ɗan abin da ake ajiyewa don ko ta kwana. Abin da ya saura bai kai nauyin babban mutum ba, kaya kuwa sai zane biyu da buta. Iya Kulu ta hau sikeli, ya girgiza kai. Ta sauko ta ajiye ƙullinta, ta cire mayafi, ta zare awarwaron hannunta ta zubar a ƙasa, ta sake hawa tana kuka, kamar awarwaro ne ya hana. Ya sake girgiza kai. Ta ce, "Ni nag goye ta tun tana jinjira, yau ƙarhe ka hana ni bin ta?" Aka ce to Inna ta tafi da majo kawai, dattawa suka ce matar aure ba ta tafiya da maza biyu baƙi babu tata ko ɗaya. Aka nemi ungozoma, wadda ba ta da jiki, ta ce Allah bai halicce ta don sama ba. Kaka idonta ya riga ya yi yana, a baƙon wuri ita ma sai an ja ta. Da aka fara waige-waigen ƴan mata ƙanana, sai na ga uwaye suna jan ƴaƴansu bayan zane. Majo ne ya hango ni, ya kama hannuna ya ɗora ni a kan ƙarfen nan.

Da Kaka ta gama salatinta sai ta ce, "Ɗiyar hwari ta! Wa yat taɓa ganin ɗiyar hwari ta yi jinyar biƙin uwatta? Ba a gidana ba." Mata suka ɗauka, kowa tana faɗin abin da za a ce da mu a garuruwa: yarinyar da ba ta ko zama tabarma ɗaya da uwarta, ita za ta ga tsiraicinta, ta wanke mata zane? Majo ya ce, "Kaka, ranar wanka ba a ɓoyon cibi." Ta ce ya riƙe karin maganarsa. Aka koma kan direba ana roƙo, ya daure ya matsa wa Iya Kulu wuri, ai tafiyar ba nisa, ai Allah ne mai tsarewa. Wani dattijo ya tuna masa da ragon da ya ƙi. Shi kuwa ya nuna gabas, inda wani baƙin hadari ya fara tasowa, ya ce in ya kawo kan dutsen can, to ba zai tashi ba, da kowa ko ba kowa. Sannan ya juya ya fara kewaye jirginsa, yana shafa nan yana girgiza can. Na gan shi ya ɗaga ƴar kwalbar nan saitin rana, uwata tana kwance a ƙasa tana numfashi sama-sama, na ji na tsane shi tsanar da ban taɓa yi wa kowa ba.

Baba yana tsaye kansa a ƙasa. Mutum ne da bai taɓa ƙetare maganar mahaifiyarsa ba, kuma ni a wurinsa ma ƴar fari ce, shi ma ba ya kiran sunana. Da majo ya ga haka sai ya durƙusa kusa da kan Inna, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji, ya ce, "Baiwar Allah, ɗiyarki ta raka ki? Ki ce eh kawai." Da a ce ta ce eh, da ba mai iya ja, ko Kaka. Ina tsaye a kan sikelin har lokacin, don ba wanda ya ce in sauka. Zanen ya ɗan zame daga fuskarta, na ga leɓenta ya bushe ya tsage, na ga idonta ya bi mata, ya bi surukarta, ya bi dattawa. Sai ta juyar da fuskarta wajen tayar jirgin, ta ja zanen ta rufe. Wata tsohuwa a bayana ta yi ajiyar zuciya ta ce, "Allah shi yi albarka, ko a nan ba ta yada kunyatta ba."

Ban san tsawon lokacin da aka ƙara ɓatawa ba. Abin da na sani, hasken rana ya canza, ya koma ja-ja, tsuntsaye suka fara tsere zuwa gawo. Sai a lokacin Baba ya ɗago kai ya ce, "A bar ta ta tahi." Ihu bayan hari. Buhun iska ya riga ya juya, ya miƙe sambal a gicciyen fakon, yana kaɗawa kamar zai tsinke. Direban Sama ya dube shi, ya dubi hadarin da ya riga ya haɗiye dutsen, ya je ya ɗauko turakunsa da guduma. Baba ya bi shi ya kama rigarsa, abin da ban taɓa ganin ya yi wa kowa ba, yana haɗa shi da Allah da Annabi. Mutumin ya ce, "Malam, in na tashi yanzu, matarka da ɗiyarka duka za ka binne." Ya ci gaba da buga turke.

Ruwan ya zo da iska mai ƙarfi. Mutane suka watse, tukwane suna gangarawa, geron nan ya jiƙe a inda aka ajiye shi. Maza huɗu suka ɗauki tabarmar da gudu suka nufi gari. Da suka zo wucewa ta gabana, Inna ta dube ni, duba na sosai, ido cikin ido, wanda ban tuna ta taɓa yi mini ba. Ta ce, "Ke, shiga daga ruwanga." Wannan ce magana ta ƙarshe da ta yi mini. Ruwan bai ɗauke ba sai da duhu ya shiga, fako kuwa ba shi da fitila. Da gari ya waye ruwa yana kwance a kansa, Direban Sama yana ta kai da kawowa yana taka ƙasar da diddige, yana jiran ta tsane. Kafin ta tsane, da hantsi, aka fara kuka a gidanmu. Ita da abin da ke cikinta aka rufe tare.

Gari ya ɗora laifin a kan Direban Sama, domin ya fi sauƙi. Aka ce da ya matsa wa Iya Kulu wuri tun farko da yanzu ana shan kunun suna. Ya zo gaisuwa, ya tsuguna a ƙofar gida can gefe, ba wanda ya miƙa masa hannu sai liman. Yara suka jefe buhun iska da duwatsu har ya yage, ni ma da hannuna a ciki. Da aka gama da fara jirgin ya tafi, bai sake dawowa ba. Aka yi ta ce mini haƙuri maganin zaman duniya, aka yi ta ba ni labarin kunyar uwata kamar wani gado ne ta bar mini. Ƙwaryar gindin rumbu kuwa na daɗe ina leƙa wurinta in na taso daga lakwal.

Na girma, na yi karatu, na zama malamar lakwal, na koyar a Malbaza, yanzu ina Konni. Ba wani ne ya zaunar da ni ya wanke Direban Sama ba, shekaru ne suka yi aikinsu. Na ga motocin da direbobin kirki suka cika don kada su bar kowa a ƙasa, na ga inda suka ƙare, na je gaisuwa. Na tuna gawon nan biyu da gangaren da ke bayansu. Mutumin nan shi kaɗai ne a fakon ran nan da ya san abin da zai iya da abin da ba zai iya ba, ya faɗa da wuri, kuma ya tanadar mini kujera. Ba shi da abin da zan yafe masa. Kaka ta rasu ina riƙe da hannunta, na yi mata addu'a, ina kuma yi, amma in na ce zuciyata ta huce na yi ƙarya. Abin da ya fi mini ciwo, wanda na daɗe ban iya furtawa ba, shi ne har Inna ina jin haushinta. An tambaye ta a gaban kowa ko tana so na, ta zaɓi yabon tsofaffi.

Bara na je garin. An yi wa ƙorama gada, mota tana shiga har ƙofar maigari, kowa da salula a aljihu, in naƙuda ta yi gardama sai a kira motar asibiti. Fakon an haƙe shi an dasa itatuwa, fararen duwatsun an kwashe an yi harsashin gini da su, gawo ɗaya ya faɗi. Yaran da na tarar a wurin ba su yarda cewa jirgi ya taɓa sauka nan ba. Tare da ƴata ta fari na je. Da aka haife ta, sunan Inna aka sa mata, wato ina da dalili biyu na kada in kira ta da shi, kuma dangin mijina sun ba ni sunayen sakayawa har uku in zaɓa. Ban zaɓa ba. Ran nan ta yi nisa tana tsinkar magarya, hadari yana haɗowa a gabas, sai na buɗe murya a tsakiyar fakon na ce, "Hajara!" Tsofaffin da ke wucewa da itace suka tsaya suna kallona, ita kuwa ta amsa ta taho da gudu. Kalma ɗaya muke jira daga bakin Inna a waccan Larabar, ni da jirgin duka.